Ɗan Delu

Lahadi, 9 ga Yuli, 2023

Yau aka sanar a majami'a. Fasto ya sa Maigida ya miƙe, ya ce makarantar tauhidi ta karɓe shi, shekara huɗu, shi da iyalinsa. Aka yi ta tafi. Matan zumunta har da guɗa. Ni ban ga abin guɗa a ɗakin sujada ba, amma yanzu kowa abin da ya ga dama yake yi.

Mutum ya doshi hamsin, ya ajiye aikin gwamnati ya koma aji. Ya ce kira ne. Ban yi musu ba, ba a musu da kiran Ubangiji. Na dai tambaye shi ko kiran ya faɗi inda za mu sa gadona, tunda an ce ciki da falo ne kawai a gidajen ɗalibai. Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Makarantar tana gaba da Rigachikun, a sauka daga titin Zariya a shiga ciki kaɗan. Babu nisa, in ji shi. Shi da kullum yana ofis. Ni ce na san abin da zan bari a tsakar gidan nan.

Talata, 11 ga Yuli

Na gaya wa Delu. Na same ta tana tsince wake a ƙofar ɗakinta. Ba ta ce Allah ya sa alheri ba, ba ta ce yaushe ba. Ta ajiye faifai ta ce, "To ɗana fa, Rahila?"

Tun ina amarya muke haya a gidan mijinta Malam Sabo, nan Unguwar Shanu. Lokacin rikici, da 'yan majami'armu suka kwashe suka koma ƙetaren kogi, Malam Sabo tabarmarsa ya shimfiɗa a bakin zaure ya zauna, ya ce mutanen cikin gidan nan nasa ne. Shi ya sa muka zauna. A gidan na haifi yaron.

Yaron. Ɗan farina ne, bana ya cika ashirin. Ba na kiran sunansa, kuma ba zan rubuta shi a nan ba. Uwata har ta koma ga Ubangiji ba ta taɓa kiran sunan yayana ba. A garinmu can wajen Malumfashi haka ake yi, Kirista da Musulmi duka. Mace mai tarbiyya ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa. Da lokacin yaye ya yi babu kakarsa kusa, Delu ta ɗauke shi, lokacin ba ta da ɗa mai rai. A tukunyarta ya girma. Ɗan Delu nake ce masa, unguwa duka ta san dalili. Yanzu yana shagon Malam Sabo a bakin tashar Kawo, suna ɗinkin kujerun mota.

Na ce mata, "Ɗanki ai ke kika san shi."

Ta ce, "Ni dai na tambaya."

Gaskiya ɗaya zan faɗa a kan Delu: ita ke tashinsa ran Lahadi. In ya yi nauyin barci sai in ji ta tana buga ƙofa, "Tashi, kar uwarka ta ce ni na hana ka coci." Ba don haka ba ma, da ya sha makara. Amma yaro wurin iyayensa ya kamata ya kasance.

Asabar, 15 ga Yuli

Ƙanwarsa Tabita sai tsalle take, wai za ta ga daji. Shekara goma sha biyu, babu hankali ko kaɗan. Na sa ta goge tukwane duka da toka.

Alhamis, 20 ga Yuli

Maigida ya ce ya tambaya a makaranta, babu laifi babban ɗa ya zauna da iyayensa, sai ya riƙa kwana a falo. Akwai motar da ke zuwa Kawo kullum da safe, ba sai ya bar shago ba. Ya ce amma ba zai tilasta masa ba, ya girma. "Ki yi masa magana, Rahila. Ke yake jira."

Ni? Wace magana? Yaron da ya san daidai ba sai an roƙe shi ya bi uwarsa ba. Zamanin nan komai sai an zauna an tattauna, kamar taron ma'aikata.

Na riga na auna falon a raina. Katifarsa za ta shiga in aka jingine tebur.

Lahadi, 30 ga Yuli

Bayan sujada ina naɗe kwanukan tangaran da tsofaffin zannuwa, sai inuwa ta rufe ƙofa. Shi ne. Ya cire takalmi amma bai shigo ba.

"Mama, Baba ya ce in tambaye ki. In bi ku ne, ko in zauna wajen Baba Sabo?"

Delu na tsakar gida tana wanki. Matan haya biyu na bakin rijiya, kunnuwansu a miƙe. A gaban waɗannan zan buɗe baki in ce wa ɗan fari ina son ka kusa da ni? Ban ɗaga kai ba. Na ce, "Ga uwarka can, ka tambaye ta. Ni ina da ta cewa ne?"

Duk ɗan da aka haifa a garinmu ya san abin da wannan magana take nufi. Yayana ya sha jin irinta, bai taɓa kuskure ba.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ce, "To, Mama." Ya sa takalminsa.

Delu ta bi ni da wani irin kallo, hannunta duk kumfa. Ban kula ta ba.

Litinin, 31 ga Yuli

Ya gaya wa babansa zai zauna.

Na yi tuwo da miyar kuka, da man shanu. Ba don shi ba. Don kada a ɗauki ragowar kuka a hanya.

Asabar, 12 ga Agusta

Mun tashi.

Akori-kura ɗaya ta kwashe zaman shekara ashirin da wani abu. Yaron ne ya loda komai, shi ya ɗaure, bai bar direba ya taɓa igiya ba. Ya rufe buhun masara da leda saboda hadari. Aikinsa da kyau, ban faɗa ba. Gadon bai zo ba, na bar shi a ɗakin Delu, shi zai riƙa kwana a kai.

Delu ta cika mini kwano da daddawa da yaji, tana kuka kamar an yi mutuwa. Na ce ta daina, Rigachikun ce ba Makka ba. Malam Sabo ya riƙe hannun Maigida ya ce, "Malam, in ka zama Fasto kar ka manta da mu a addu'a, mu ma ba za mu manta da kai ba." Maza ma ashe suna da raunin zuciya.

Da na hau gaba, ya zo gefen taga. "Mama, sai na zo."

Na ce, "A riƙa zuwa sujada. Kuma kada in ji an ce an gan ka a majalisar 'yan tasha."

Madubin gefe ya nuna mini shi tsaye a bakin zaure, da ragowar igiya a hannu, har muka sha kwana. Direban ne bai gyara madubinsa ba, ba ni na nema ba.

Litinin, 14 ga Agusta

Gidajen ɗalibai layi-layi ne kamar bariki. Ƙararrawa ke tashin mutum, ƙararrawa ke kai shi sujadar safe, ƙararrawa ke cewa ya tafi aji. Maigida ya sa farar riga ya ɗauki jaka kamar ɗan firamare, yana ta murmushi. Matan ɗalibai ma da tamu makarantar: karatu, kiwon lafiya, ɗinki, da yadda matar Fasto za ta riƙe kanta. Wannan na ƙarshe da ni suka ba wa allin.

Kowane gida an yanka masa gona a bayan rijiyar burtsatse. Lokacin masara ya wuce, sai dai wake.

Falon ya yi mini faɗi. Ban jingine teburin ba.

Laraba, 16 ga Agusta

An yi taron karɓar sababbin mata. Kowa da yarenta, Bajju, Gbagyi, Tangale, wasu ban ma taɓa jin sunan garinsu ba. Da Hausa ake haɗuwa, irin Hausarsu. A nan ba a kiran mace da sunanta, sai Maman wane, da sunan ɗanta na fari. Matar shugaban makaranta tana bi ɗaya bayan ɗaya. Kowace ta faɗa da ƙarfi, har da fari da ido, kamar tallan gyaɗa.

Aka zo kaina. "Ke kuma Maman wa za mu ce?"

A Unguwar Shanu Malama ake ce mini, saboda koyarwar da na yi. Ba wanda ya taɓa tsare ni da irin wannan tambaya. Na sunkuyar da kai. Duk wadda ta san abin da take yi za ta gane. Ba wadda ta gane. Maƙwabciyata Maman Godiya ta hango Tabita a bakin taga ta ce, "Ga yarinyarta can, Tabita." Aka tafa. Na zama Maman Tabita.

Ban gyara ba. Yaya zan gyara ba tare da na faɗa ba?

Asabar, 26 ga Agusta

Mun shuka wake. Ƙuguna kamar zai ɓalle, ga bencin ajinmu katako ne tsagwaro. Na gaya wa Delu a waya.

Maman Godiya mace ce mai kirki, ita ta ara mini fartanya, amma babu kunya a tare da ita. Godiyar nan 'yar farinta ce, budurwa sosai, sai ta rungume ta a bakin famfo tana "Godiya tawa, Godiya ta Mama." Miji kuma Dadi take ce masa. Matar da za ta shugabanci zumuntar mata wata rana ke nan. Na kawar da kai.

Yarinyar dai ba ta da rashin kunya, in faɗi gaskiya. Tana gaishe ni har ƙasa.

Lahadi, 10 ga Satumba

Ya zo.

Mun taso daga sujada, mata sun taru a ƙofata ana ɓare gyaɗa, sai ga shi da leda a hannu da wani abu a hammata. Ya rame kaɗan. Ko rigar ce ta yi masa yawa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya gaida matan. Na ce, "An zo?" Na ci gaba da ɓare gyaɗata, kamar yadda ya kamata.

Ledar saƙon Delu ce, dambun nama da kuka. Abin hammata kuwa kushin ne. Ya haɗa shi da ragowar ledar kujerun mota, baƙi da ja, har da maɗauri da za a ɗaura a benci. "Inna ta ce bencin ajinku na damun ki."

Mata suka yi ta juya shi suna yabawa. Na karɓa na duba na ce ɗinkin gefe ɗaya ya karkace. Ya karkace ɗin.

Sai Maman Godiya ta ce, "Maman Tabita, wannan kyakkyawan saurayi fa? Ƙaninki ne?"

Na ga ya ɗago kai da ya ji sunan. Ya dubi Tabita, ya dube ni.

Na ce, "Ɗan Delu ne, maƙwabciyarmu ta Unguwar Shanu."

Abin da nake faɗa ke nan shekara ashirin. A can in na faɗa, dariya ake yi, a ce ji Malama da kunya. A nan Maman Godiya ta ce, "Ayya, ɗan maƙwabta ne ya yi miki wannan? Allah ya yi wa uwarka albarka, yaro, ta iya tarbiyya." Wata ta ce ai Musulmin Kaduna akwai zumunci. Tabita ta buɗe baki, na harare ta, don yara ba sa tsoma baki a maganar manya.

Ya ce, "Amin."

Na shiga na zuba masa shinkafa da wake, na sa masa kifin da na ajiye wa babansa. Da na fito ya miƙe. Wai akwai motar da za su gama wa mai ita kafin gobe. Ran Lahadi? Babansa ya raka shi bakin titi. Ya dawo ya ɗauki littafinsa ya riƙe, ba ya juya shafi.

Abincin na nan a rufe. Tabita ta ƙi ci, ita ma.

Litinin, 11 ga Satumba

Kushin ɗin na bayan ƙofa. Ban kai shi aji ba.

Lahadi, 24 ga Satumba

Bai zo ba, wancan makon ma haka. Ya kira babansa, ya yi hira da Tabita har tana ƙyalƙyala dariya. A ƙarshe ya ce a gaida Mama. A gaida. Kamar wata gwaggo ta nesa.

Yaran yanzu ba a taɓa su. Mu da aka yi mana abin da ya fi haka, mun mutu ne?

Waken ya fara fure.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Delu ta zo da kanta, da hijabinta har ƙasa, ta ratsa layin gidajen ɗalibai ana kallonta. Ta tambayi gidan Malama Rahila ba wanda ya sani, sai da ta ce mai 'ya Tabita.

Ko ruwa ba ta sha ba. Ta ce Lawan, wanda ya koyi aiki a shagon Malam Sabo ya buɗe nasa a Legas, ya daɗe yana neman yaron, yaron na ƙi. Yanzu ya amsa. Jibi Asabar zai tafi. Malam Sabo ya yi faɗa, ya yi lallashi, a banza.

Na ce, "Ke kika bar shi."

Ta ce, "Ni na bar shi? Tun da ya dawo daga nan ba ya cin abincina. Ya ce mini, Inna, ashe a can ba su ma san an haife ni ba."

Na ce ai ya san al'ada.

"Wace al'ada, Rahila? A ƙauyenku in uwa ta kawar da kai, ga kaka, ga gwaggo, ga gari guda da zai gaya wa yaro uwarka na son ka, kunya ce. Shi a Kaduna ya tashi. Ni kaɗai ke gaya masa, kuma ya daina yarda da ni. Ni ma Bahaushiya ce, ba daga sama na faɗo ba. Na goya shi, na yi masa wanka, amma ban haife shi ba, kuma ya sani."

Na ce ba a gidana za a koya mini tarbiyya ba. Ta ce to. Ta sa takalmi. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Kalma ɗaya yake nema. Ba tawa ba."

Na raka ta har titi duk da haka. Da mota ta zo ta riƙe hannuna ta matse, ta shiga.

Juma'a, 6 ga Oktoba

Maigida ya ce ya yi masa magana a waya, yaron ya ce ya riga ya ba Lawan alkawari. "Ki je, Rahila." Na ce gobe ake feshin wake. Ya ce wake ba zai gudu ba.

Ba wuta tun shekaranjiya, wayata ta mutu.

Asabar, 7 ga Oktoba

Na yi feshin. Na gama, na wanke hannu, sai na ga na ɗaura zanen fita.

Kafin in sami mota rana ta take. A shagon Kawo Malam Sabo kaɗai na tarar, zaune a gaban teburin da babu keken ɗinki a kai. Ya ce ya ba shi kan keken ya tafi da shi. "Yana tashar Mando, Malama. Yi sauri, motar Legas in ta cika ba ta jira."

Mando cike take. Masu burodi, masu ruwan leda, 'yan kamasho na jan mayafin mutum, "Hajiya Legas ne? Ibadan?" Babu ladabi ko ɗaya a tasha. Na hango shi daga nesa, tsakaninmu motoci da tulin kaya. Ya ɗora kan keken a kafaɗa, naɗe da tsohon zanena da na bari a kan gado. Yana miƙa shi ana sawa a ƙarƙashin mota.

Na ce, "Kai. Kai yaro."

Maza sun fi goma suka juyo. Ban da shi.

Na ƙara ɗaga murya. Wani ɗan kamasho ya ce, "Mama, wa kike nema? Faɗi sunansa in ƙwala miki, muryata har Kawo ana ji."

Sunan na bakina. Ni na zaɓe shi, ba babansa ba, ko wannan ba wanda ya sani. Na ji shi a kan harshena kamar garwashi. Mutumin na jira, mai burodi na jira.

Na ce, "Ce Ɗan Delu."

Ya ƙwala. Tasha duka ta ji.

Ya ji. Ƙafarsa ɗaya na kan matakalar mota, na ga kafaɗarsa ta tsaya. Bai juyo ba. Ya ɗan jima a haka, na baya na tura shi, sannan ya shiga.

Kafin in zagaya kayan an rufe ƙofa. Gilasan masu duhu ne, ban san ta wane gefe ya zauna ba. Na bi gefe ɗaya ina dubawa, fuskata kawai nake gani. Motar ta ja.

Ɗan kamashon ya ce, "Wataƙila ba shi ba ne, Mama." Na ce wataƙila.

Lahadi, 8 ga Oktoba

Ya kira babansa. Sun sauka lafiya.

Alhamis, 12 ga Oktoba

Na kai kushin aji. Ƙuguna ne, ba wani abu ba. Maɗaurin ya yi daidai da bencin kamar ya auna.

Tabita ba ta yi mini magana sai in na tambaye ta. Na bar ta. Ba ni da ƙarfin faɗa kwanan nan.

Laraba, 18 ga Oktoba

Taron addu'ar mata. Kowa na kawo damuwarta, mai ciwon miji, mai jarrabawa. Ban yi niyya ba. Na ji dai na miƙe na ce a sa ɗana a addu'a, yana Legas.

Maman Godiya ta ce, "Wane ɗa kuma?"

Na ce mai kushin. Ɗan farina ne.

Ta rufe baki da hannu. Matar shugaba, wadda ta girme mu duka, ta dube ni ta ce, "Ke Bakatsiniya ce ko? Na gane. Amma 'yar'uwa, da wane suna za mu kai shi gaban Ubangiji?"

Ubangiji ya san sunansa, ba sai an gaya masa ba. Haka na so in ce. Amma mata sun riga sun sunkuyar da kai suna jira, kuma bai dace a bar mutane a sunkuye ba.

Na faɗa. A hankali, amma sun ji. Rufin bai faɗo ba.

Da aka tashi Maman Godiya ta rungume ni a gaban kowa tana kuka, wai ta yi wa yaro laifi ba ta sani ba. Na ce ta sake ni, ana kallo.

Lahadi, 5 ga Nuwamba

Mun roro wake, ya yi kyau fiye da na maƙwabta. Na ware wa Delu nata. Na aika mata da Tabita jiya, ta aiko da cewa ba ta huce ba tukuna amma ta karɓa.

Da la'asar ya kira babansa. Ina bakin ƙofa ina sussuka. Maigida ya miƙo mini wayar ba tare da ya tambaye ni ba, ya shige ciki. Sabon salo.

"Mama, ina wuni."

Na ce lafiya. Na tambaye shi ko ya sami majami'a a can, ya ce ya samu. Ko yana cin abinci, ya ce yana ci. Kuɗin wayarsa na ta tafiya a banza.

Sai Maman Godiya ta ƙwala mini kira daga ƙofarta, wai in ara mata rariya. Matar nan ba ta iya magana a hankali ba. Da sunan da suka koma kirana tun ranar addu'a ta kira ni. Ba Maman Tabita ba. Ɗayan. Har sau biyu.

Na ji numfashinsa a waya.

"Mama, wa ake kira?"

Na ce, "Ni mana. Akwai wata ne?"

Ina jin hayaniyar motocin Legas a bayansa, da wani na yi masa magana da Yarbanci. Da ya dawo muryarsa ta shaƙe, wai mura ce. Ya ce kushin ɗin yana yi? Na ce yana yi, amma gefen nan har yanzu a karkace yake. Ya ce in ya zo Kirsimeti zai warware ya sake.

Ban ce ya zo ba. Na ce dai kada ya manta da allurarsa, tawa ba ta huda leda.

Na jingine teburin falo. Shara ta fi sauƙi a haka.

Habila. Habila.

Biron sabo ne, gwada shi nake.